Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai: mun biya kuɗin tsaro da 'yancinmu, ina rasit?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ina zaune a ɗaya daga cikin garuruwan kudancin Katsina, irin waɗanda ba a jin sunansu a rediyo sai an kashe mutane ko an kwashe su. Na yi ta jujjuya wa zan rubuta wa wannan takarda. Shugaban ƙasa ya yi mini nisa. Soja kuwa umarni yake bi, kuma yaran da na koyar da hannuna suna cikinsu, ɗaya ma an kawo wa mahaifiyarsa labarinsa daga Borno, ba a kawo gawarsa ba. Sai na ga ku ne kuka dace, domin ku ne kuka zo ƙofar gidajenmu neman ƙuri'a, ku ne kuke amincewa da kasafin tsaro kowace shekara, kuma ku ne sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki suka ba ikon ku kira kowane jami'i, komai girman kujerarsa, ya zo da takardunsa ya yi bayani.

Maganata ɗaya ce. Shekara da shekaru ana karɓar 'yancinmu da sunan tsaro, muna miƙawa ba musu, amma har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka saya da shi. Ko mai shagon unguwa ka aika da kuɗinka, idan ya dawo yana faɗa maka abin da ya kashe da canjin da ya rage.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta fitar da dokar da ta rufe wasu hanyoyi, ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da fetur a jarka. Ranar 3 ga Satumba aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. Ba a jima ba abin ya iso ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ya shiga wani ɓangare na Sakkwato, ya shiga na Kaduna. Wallahi ranar da sabis ya ɗauke, tafi muka yi. Mun gaji da kwana a kan rufin ɗaki da cikin gonar dawa. Aka ce mana infoma ne ke buga wa ɓarayin daji waya, idan aka toshe layi an toshe musu kunne. Muka ce a toshe.

Sai da mako ya zagayo muka fara gane nauyin abin da muka ɗauka. Injin niƙan unguwarmu ya tsaya don babu mai, mata suka koma turmi da taɓarya kamar zamanin kakanninmu. Mai injin ban-ruwa ya zuba wa tumatirinsa ido yana bushewa, domin inji ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa, kuma jarka ta zama abin kamu. Maƙwabcina yana da raguna uku da ya yi kiwo don aurar da 'yarsa, kasuwa a rufe, ya sayar da su a gida rabin kuɗinsu ga wanda ya san ba shi da mafita. Ni kuma duk ranar Asabar sai in shiga mota in doshi hanyar Gwarzo, aljihuna cike da wayoyin mutane da 'yan takardu masu lambobi. Akwai wani tudu a bakin titi inda sabis ke kamawa. Za ka tarar da mutum hamsin ko fiye a tsaye, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa, masu shayi da masu cajin waya har sun kafa rumfa. A kan tudun nan wata tsohuwa ta ji cewa ɗanta ya rasu a Legas kwana tara da suka wuce, an riga an yi sadakar bakwai. Ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, sai tambaya take ta yi ko an samu wanda ya yi masa wanka.

Mafi muni shi ne dare. A da idan aka ga babura sun fito daga daji, ƙauye na buga wa ƙauye waya, mutane su watse kafin a iso. Da aka katse layi, sai dai ka ji harbi a bayan katangarka. Su kuwa ɓarayin, mutanen bakin iyaka sun sha faɗa cewa layin Nijar suka koma hawa. A tsakiyar wannan lokaci ne, cikin Oktoban 2021, aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe mutum sama da 40. Da aka dawo da sabis zuwa ƙarshen shekara, watanni kaɗan bayan haka aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ranar 28 ga Maris 2022.

Ban ce matakin bai yi amfanin komai ba. Wataƙila ya yi. Abin da nake cewa shi ne babu wanda ya tsaya a gabanku ko a gabanmu ya ce: mun rufe layi kwana kaza, mun kama mutum kaza, hare-hare sun ragu da kaza, talakawa sun yi asarar kaza. Ku ma ba ku tambaya ba. To idan gobe wani gwamna ya sake neman a rufe, da wane ma'auni za ku ce masa e ko a'a?

Akwai abin da ya kamata ku lura da shi a nan, ranku ya daɗe. Lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, sashe na 305 ya tilasta masa ya zo gabanku. Dokar tana da wa'adin wata shida, duk lokacin da za a sabunta sai an sake dawowa, har a ƙarshen 2014 ba a samu amincewar sabunta ta ba. Komai aibin waccan doka, tana da suna, tana da ranar farawa, tana da ranar ƙarewa. Abin da aka yi mana a 2021 ta-ɓaci ce da ba a raɗa mata suna ba, shi ya sa ba ta bi ta gabanku ba. (Ko da yake wadda ta bi ta gabanku a Maris ɗin 2025, ta jihar Ribas, da murya kuka amince da ita. Ni da na koyar da lissafi shekara talatin, har yau ban gano yadda ake ƙirga kashi biyu bisa uku da kunne ba.)

Sai maganar kamu. Ɗan ƙanina burodi yake kaiwa ƙauyuka a bayan babur, sana'arsa ke nan tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. Wata rana aka tare shi a hanya, aka ce ɓarayi yake kai wa abinci. Ba zan faɗi su wane ne suka kama shi ba, kuma ba zan faɗi inda aka ajiye shi ba. Mun yi wata biyu muna yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ko'ina a ce ba su san da zamansa ba. Uwarsa ta daina cin abinci. Sai wani da aka sako ya nemo gidanmu ya ce ya gan shi, yana da rai. Wata goma sha ɗaya ya yi a tsare, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Ranar da aka sallame shi, cewa kawai aka yi ya tafi, Allah ya kiyaye gaba. Babur ɗin bai dawo ba. Ya dawo da ƙazuwa a duk jikinsa da ƙafafu a kumbure, kuma har yanzu idan ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida da dare sai ya miƙe zaune. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a gari har yanzu akwai masu nuna shi da baki, domin babu wata takarda da ta wanke shi. Da kotu ce ta sake shi, da yana da abin nunawa.

Na ɗauko kundin tsarin mulkin na karanta sashe na 35. Ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana biyu. Na san dokar yaƙi da ta'addanci ta ba da damar a tsawaita tsarewa, amma ita ma da izinin alƙali ta ce. Ina alƙalin da ya sa hannu a kan ɗan ƙanina?

Kuma shi mai sa'a ne. Ku tambayi mutanen Borno labarin barikin Giwa. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ce mutum sama da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011. Rundunar soja ta musanta. To, ga zargi ga musu, aikin wa ne ya zauna ya tantance? Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji cikin Oktoban 2017, a zaman Fabrairun 2018 kaɗai mutum 475 aka sallama saboda babu hujjar da za a gurfanar da su. Wasunsu sun yi shekaru a kulle. Mutum 475, kowanne da uwa, wasu da mata da 'ya'ya da suka girma ba su san fuskar ubansu ba. Ban ji an biya ɗayansu diyya ba, alhali sashe na 35 ɗin nan ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban-haƙuri a bainar jama'a.

Yanzu bari in zo kan abin da ke saukowa daga sama. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin ƙasarmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a ƙaramar hukumar Kala Balge. Mutum sama da 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Mutanen da suka gudo daga Boko Haram suka zo inuwar gwamnati, a inuwar aka kashe su. Bayan watanni aka ce sansanin ne ba a sa shi a taswirar aiki ba. Wane ne bai sa shi ba? Shiru. A Disambar 2022 aka yi a Mutumji ta Zamfara. A Janairun 2023 aka yi wa makiyaya a yankin Doma ta Nasarawa. Sai daren 3 ga Disambar 2023, a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutane suna zaune suna Mauludi, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya sako musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce suna cikin kwasar gawarwaki aka sako na biyu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, mafi yawa mata da yara, wasu kuma sun ce adadin ya haura haka.

In faɗi gaskiya, a Tudun Biri an ɗan ga bambanci. Marigayi Janar Taoreed Lagbaja, hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya taka har ƙauyen ya ba da haƙuri, abin da ba mu saba gani ba. A watan Mayun 2024 aka ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Ku ma kun yi ta'aziyya, kun ba da gudummawa, Allah ya saka. Amma ina cikakken rahoton binciken? Wa ya ga taron ya ce ɓarayi ne, wa ya ba da izinin harbi, me ya sa aka sake harbawa, kuma me aka canza don kada a maimaita? Tambayar ƙarshen nan ita ce mai muhimmanci, domin ranar 25 ga Disambar 2024 an sake yi a ƙaramar hukumar Silame ta Sakkwato, a Janairun 2025 kuma aka sake yi a Zamfara, har da 'yan sa-kan da suka fito kare ƙauyukansu. Kuskure ɗaya ƙaddara ce, mu Musulmi ne, mun yarda. Amma wanda ake maimaitawa shekara bakwai, takwas, ana rufe rahotonsa a durowa, wannan ya tashi daga ƙaddara ya koma sakaci, kuma sakacin har da naku.

Na san amsar da ake bayarwa: sirrin tsaro ne. Ni ban nemi a faɗa mini inda jirage ke kwana ko ranar da za a shiga daji ba. Sunayen matattu ba sirrin tsaro ba ne. Adadin mutanen da ke tsare, da ranar da aka kama kowannensu, ba sirrin tsaro ba ne. Idan akwai abin da lallai sai an ɓoye, ai kuna da kwamitocin tsaro, ku rufe ƙofa ku saurara, sannan ku fito ku gaya mana abin da za a iya faɗa.

Kalmar nan ta tsaro ta zama bargon da ake lulluɓe komai da shi. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, na kuma sha jin haushin yadda suke tare hanya. Amma kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa bayan arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya cikin Disambar 2015 ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a rami ɗaya, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Wa aka gurfanar? Babbar Kotun Tarayya ta ce a saki jagoransu, Sheikh Ibrahim Zakzaky, a Disambar 2016, aka yi kunnen uwar shegu da umarnin, sai a Yulin 2021 wata kotu a Kaduna ta wanke shi. Mu da yawa muka yi shiru lokacin don ba namu aka taɓa ba. Ban san cewa hannun da ya saba take umarnin kotu a kan wanda ba na so, shi ne zai riƙe ɗan ƙanina wata goma sha ɗaya ba.

Ga kuma Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. An zarge shi da karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, a lokacin da yaranmu ke fuskantar Boko Haram da harsashi ƙirgagge. Wannan zargi ne da ya kamata a bi shi har ƙarshe, a san gaskiya ko ƙarya. Maimakon haka aka tsare shi shekara huɗu duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi, har da hukuncin kotun ECOWAS, aka sake shi a Disambar 2019. An take haƙƙinsa, mu kuma ba a ba mu amsar inda kuɗinmu suka shiga ba. An yi biyu babu. A 2018 marigayi Shugaba Buhari ya tsaya a taron lauyoyi ya ce tsaron ƙasa da muradinta suna gaba da bin doka. Lauyoyi sun yi ca a kansa, amma daga zaurukanku ban ji wani motsi na a zo a gani ba.

Tunda an zo maganar kuɗi, akwai kuɗin tsaron da gwamnoni da wasu manya ke karɓa ba tare da mai binciken kuɗi ya leƙa ba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta shi da kusan dala miliyan 670 a shekara. A garinmu kuwa karo-karo muke yi, gida-gida, don saya wa 'yan banga fitila da man babur, wasu ƙauyukan kuma karo-karon da suke yi na harajin da ɓarayi suka ɗora musu ne kafin a bar su su girbe abin da suka noma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda ya yi ƙoƙarin tambaya kuma sai ya zama shi ne mai laifi. A Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda wani labari kan shirin ƙwato Baga. A Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri kan ɓarayin daji. Mu da muke zaune da su, ba abin da shirin ya faɗa wanda ba mu sani ba. Sai kuma ranar 1 ga Nuwamban 2024, da muka ga yara 'yan Arewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ramammu, bayan kusan wata uku a tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna faɗuwa ƙasa a gaban alƙali. An sa belin kowanne naira miliyan 10. Ba don hoton ya zagaya duniya ba, har shugaban ƙasa ya ce a sake su, da Allah kaɗai ya san ranar fitowarsu. Ɗan ƙanina babu wanda ya ɗauki hotonsa.

Kada ku ɗauka wannan duka maganar tausayi ce kawai. Yaƙin nan ba a cinsa sai da bakin mutanen ƙauye. Mu muka san wanda ya sayi buhun shinkafa biyar alhali gidansa mutum uku ne, mu muka san hanyar da babura ke bi. Amma a garinmu yanzu mutum ya ga abu sai ya kama bakinsa, domin ya ga wanda ya je ba da labari an riƙe shi a matsayin infoma, ya kuma ga wanda aka kama da hannu dumu-dumu ya dawo gida bayan sati biyu yana neman wanda ya tona shi. Duk yaron da aka tsare ba laifi, duk ƙauyen da aka jefa wa bam aka share, an ƙara wa ɓarayi da masu tayar da ƙayar baya abin da za su ja hankalin matasa da shi.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma babu ɗaya da ya fi ƙarfinku. Ku yi dokar da za ta ce duk matakin da zai rufe layin waya, kasuwa ko hanya saboda tsaro, sai an rubuta dalilinsa da ranar ƙarewarsa, sai majalisa ta amince, kuma idan ya ƙare sai an kawo rahoton abin da ya haifar. Ku nemi rahotannin Rann, Mutumji, Doma, Tudun Biri da Silame, ku karanta su a zaure, ku buga sunayen waɗanda suka mutu, a kuma sa diyyarsu cikin doka yadda ba sai gwamna ya ga dama ba. Ku tilasta a buɗe rajistar duk wanda ke tsare da sunan tsaro, ta yadda uwa za ta je ofis ɗaya ta tambaya a duba mata, kuma wanda babu hujja a kansa a sake shi da takardar da ta wanke shi. Rundunonin sa-kai da jihohi suka kafa, irin Askarawan Zamfara da na nan Katsina, suna ƙoƙari kuma suna mutuwa dominmu, amma su ma a san wa ke hukunta su idan sun wuce gona da iri, domin rikicin nan da ramuwar gayya ya yi ƙarfi. Kuɗin tsaro kuma a bar mai binciken kuɗi ya gani, ko da a ɗaki rufe ne.

Sannan idan za ku yi zaman jin bahasi, kada ku yi shi a otal a Abuja. Ku zo Tudun Biri, ku zo Rann, ku zo garuruwanmu, a shimfiɗa tabarma a filin makarantar firamare, a yi magana da Hausa da Fulatanci da Barbarci. Idan kun zo namu, zan kawo muku ɗan ƙanina. Ya ce zai yi magana, in dai an yi masa alkawarin cewa a gida zai kwana ranar.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare daga kudancin Katsina